MU LEƘA DUNIYA: Fuskokin Aro na Bukukuwan Hindu

 

Abin da ya jawo zancen wannan wata, wata 'yar takarda ce da wani yaro ɗan aji biyar ya zo da ita makaranta. An ƙunso wa uwarsa kaya ne a cikinta daga kasuwa, shi kuwa ya ga hoto a jiki, ya warware ta ya adana. Hoton mutum biyu ne suna rawa, kowannensu ya rufe fuskarsa da wata fuska ta ƙira. Ɗaya baƙa ƙirin, ido jawur, harshe a waje har haɓa. Ɗayan kuwa kore ne, da gashin baki murɗaɗɗe da takobi a hannu, sai ka ce wani jarumin sarki. Yara suka taru a kai suna ta ihu, "Dodo! Dodo!" Sai mai takardar ya ce mana, "Malam, cikin su biyu wane ne mugun?" Ba mu yi wata-wata ba muka nuna mai harshe a waje. Ashe mun yi kuskure. Da muka bincika bayan kwana biyu, sai muka tarar wadda muka nuna ɗin nan ita ce Kali, wadda miliyoyin mutane a ƙasar Indiya su ke kira Uwa, wanda muka wanke kuma shi ne mugun a cikin labarin. Tilas muka koma aji muka janye maganarmu a gaban yara. Abin ba daɗi ga malami, amma ya fi a bar su da ƙarya.

Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwanmu da allolin waɗansu? Mu dai mun san wanda mu ke bauta wa, ba mu kuwa kawo wannan zance domin a yi sha'awar bautar wani abu ba. Amma 'ya'yanmu suna ganin waɗannan fuskoki, ko mun so ko mun ƙi. Tun wajen shekarun 1950 aka fara nuna finafinan Indiya a gidajen siliman garuruwanmu, yanzu kuwa sun shigo har tsakar gida ta talabijin da wayar hannu. In yaro ya yi tambaya ubansa ya ce masa, "Aljanu ne kawai, rabu da su," to, ran da yaron ya gane ba haka masu abin su ke faɗi ba, sai ya fara shakkar sauran maganganun uban. Ban da wannan, ƙidayar da aka yi a Indiya cikin 2011 ta nuna masu bin addinin Hindu sun kai mutum miliyan 966, kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen ƙasar. Jama'a mai yawa haka ba a gama bayaninta da kalma guda. Manzo Bulus ma da ya shiga Atina, sai da ya zaga ya dudduba abubuwan da mutanen garin ke yi wa sujada kafin ya buɗe baki ya yi musu magana.

Da fari, sunan abin. Mutanen Bengal suna ce da shi mukosh, daga kalmarsu ta fuska. Mu ba mu da suna guda da ya zauna masa daram. Mafi kusa shi ne burtu na maharba, amma maharbi yana ɗaura burtu ne domin ya ɓuya, nama ya zaci tsuntsu ne. Shi kuwa ɗan rawan Hindu yana sa tasa ne domin kowa ya gane, tun daga nesa, ko wane ne ya shigo fili. Za mu riƙa ce da ita fuskar aro.

Ƙauyen da a ke ƙera fuska

A jihar Bengal ta Yamma akwai wata gunduma, Puruliya, ƙasar duwatsu da jar ƙasa, wadda fari ya kan dame ta fiye da sauran Bengal. A gindin duwatsun Ajodiya, kusa da garin Bagmundi, akwai wani ƙauye mai suna Carida. Sana'ar wannan ƙauye ita ce ƙirar fuska. Zuriyar da ke yin ta ana ce da su Sutradar, aikin kuwa gado ne, uba ya koya wa ɗa.

Ga yadda su ke yi. Su kan fara gina fuskar da yumɓu a kan allo, su bar ta ta sha iska. Sa'an nan a barbaɗa mata toka mai laushi, domin kada abin da za a ɗora ya manne. Sai a jiƙa takardu da danƙo a riƙa liƙawa, shimfiɗa bisa shimfiɗa, har ta yi kauri. A kan takardar a ke sake shafa yumɓu a fitar da gira da hanci da leɓe, a rufe da tsohon ƙyalle da aka tsoma cikin kunun laka, a goge da wani ɗan itace har ya yi sumul. In ta bushe a rana sai a ɓamɓare ta daga yumɓun farko, a huda ido da hanci, a shafe ta da farar ƙasa, kana a zo ga fenti. Aikin ƙarshe shi ne kambi, wanda a ke yi da waya da duwatsun ado da gashin tsuntsu da kayan ƙyalƙyali. Wani kambin har ya fi kafaɗun mai ɗauke da shi faɗi. Watau abin da dubban mutane za su kwana suna kallo a daren biki, asalinsa tsohuwar takarda ce da tsumma da laka.

Rawar da a ke yi da waɗannan fuskoki sunanta Cau. Babban lokacinta shi ne ƙarshen watan Caitra, wajen tsakiyar Afrilu, sa'ad da zafin bazara ya yi tsanani, ba aikin gona, kowa yana duban sama. Da dare a ke yi, a fili, jama'a su kewaye a zaune a ƙasa. Akwai ganga, akwai wani babban tambari da su ke kira damsa, akwai kuma algaita. Bisa ga al'ada maza ne ke rawar, har da wurin mata, ko da ya ke daga baya 'yan mata sun kafa ƙungiyoyinsu. Rawa ce ta ƙarfi, da tsalle da alkafura da girgiza ƙirji, gama tushenta wasan mayaƙa ne. A 2010 hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gargajiya na duniya da ya kamata a kiyaye. Abin lura a nan shi ne ɗan rawa ba ya magana. Mawaƙi ya kan rera 'yar gajeruwar waƙa ya gabatar da mai shigowa, daga nan sai kiɗa. Saboda haka duk abin da za a sani game da halin mai shigowa, a fuskar a ke karanta shi.

Wanda ya kan fara shigowa kullum shi ne Ganesh, mai kan giwa. Labarin da su ke bayarwa shi ne, allahiya Parbati ta ƙera yaro da abin da ta murje daga jikinta, ta sa shi gadin ƙofa tana wanka. Mijinta Shiba ya dawo, yaro bai san shi ba ya hana shi shiga, Shiba ya husata ya fille masa kai. Da ya ga baƙin cikin matarsa, sai ya sa aka kawo kan dabbar da aka fara cin karo da ita, giwa ce kuwa, aka ɗora wa yaron. To, mutanen Hindu ba a kan labarin kaɗai su ke tsayawa ba. Sun ce giwa ce ke buɗe hanya a kurmi, domin haka Ganesh shi ne mai kawar da cikas, shi ya sa da sunansa a ke fara kowane abu, ko biki ne, ko sabon kanti, ko jarrabawa. Manyan kunnuwansa, in ji su, na mai yawan sauraro ne. In kun duba da kyau za ku ga haurensa ɗaya a karye ya ke. Wai yana cikin rubuta babban littafinsu na Mahabarata, wani malami mai suna Biyasa yana yi masa shifta, sai alƙalami ya karye, shi kuwa ya karya haurensa ya ci gaba da rubutu domin kada a tsaya. Wannan wuri mun maimaita shi sau biyu a aji, saboda masu zuwa makaranta su ce an sace musu fensir.

Launi da abin da ya ke faɗi

Maƙeran Carida suna da ƙa'idar launi, ba yadda mutum ya ga dama ya ke shafawa ba. Fari na Ganesh ne da Shiba da Saraswati, allahiyar ilimi da kiɗa. Rawaya mai duhu ko ruwan goro na Durga ne da Lakshimi, allahiyar arziki, da Kartik, sarkin yaƙin alloli, wanda ɗawisu ne abin hawansa. Kali baƙa ce ko shuɗiya. Kirishna shuɗi ne, da gashin ɗawisu a ka. Su kuwa asura, watau ƙattan da ke gaba da alloli, a kan yi musu baƙi ko kore mai duhu, da ƙaton gashin baki da ido waje da fiƙoƙi.

Farin Shiba farin toka ne. Shi mai gudun duniya ne a wurinsu, yana shafe jikinsa da tokar maƙona gawa, domin a tuna ƙarshen kowane jiki ke nan. A fuskarsa za ku ga gashi a cukurkuɗe an tara shi a tsakar ka, da jinjirin wata a maƙale, da maciji. Watan yana nuna lokaci, mai ƙaruwa yana raguwa. Macijin kuwa na wanda ya fi ƙarfin tsoro da mutuwa ne. A cikin zane-zanensu a kan yi masa maƙogwaro shuɗi, gama sun ce alloli da asura sun taɓa haɗuwa suka kaɗa teku, kamar yadda a ke kaɗa nono da maburgi, suna neman ruwan rashin mutuwa, sai dafi ya fara fitowa, wanda zai hallaka duniya. Shiba ya shanye shi ya riƙe a maƙogwaro. Sai kuma ido na uku a tsakiyar goshi, a tsaye. Wannan idon basira ne, mai ganin abin da ido biyu ba su gani, amma in ya buɗe cikin fushi wuta ce. Da shi, in ji labarin, ya ƙone Kama, allahn sha'awa, ya mai da shi toka. Durga da Kali ma suna da wannan ido. Saboda haka in yaro ya ga fuska mai ido a goshi, kusan kullum ta gidan Shiba ce.

Akwai abin da ya tsaya mana a rai sa'ad da mu ke nazarin launukan nan, ba za mu ɓoye muku ba. Mu baƙar fata ne, da muka ga an ce baƙi na asura ne, sai da gabanmu ya ɗan faɗi. Amma maganar ba ta miƙe haka ba. Sunan Kirishna kansa ma'anarsa baƙi ko mai duhu, suna kwatanta jikinsa da hadarin da ya taso cike da ruwa. Manomin da ya yi wata takwas bai ga ɗigon ruwa ba ya san baƙin hadari ba abin ƙi ba ne. A Bengal kuma a kan yi wa Rama kore, launin sabuwar ciyawa, alhali asura ma kore ne. Ashe launi kaɗai ba ya raba gardama. Sai an dubi ido da baki. Idon alloli dogo ne, a lumshe kaɗan, baki a rufe da ɗan murmushi. Idon asura a zare ya ke kamar zai faɗo, baki a wangame. Fuskar wanda ya mallaki kansa ke nan, da fuskar wanda zuciya da kwaɗayi suka mallake shi. Duk da haka ba za mu ce babu komai a ciki ba, gama son farar fata ciwo ne da Indiyawa da kansu su ke kuka da shi, kowa kuwa ya ga yadda a ke zaɓen 'yan wasa a finafinansu.

Wasan da jama'a suka fi so shi ne na Durga da Mahisha. Mahisha asura ne mai rikiɗa ya zama ɓauna. Ya yi ta azabtar da kansa da azumi har aka ce ya roƙi abin da ya ke so. Ya roƙi kada namiji ya iya kashe shi, ko mutum ko allah. Mace kuwa bai ko ambace ta ba, don raini. Da ya sami wannan sai ya kori alloli daga mazauninsu. Alloli suka haɗa ƙarfinsu wuri ɗaya, ya zama mace, ita ce Durga. Kowannensu ya ba ta makaminsa, Shiba ya ba ta mashi mai baki uku, Bishnu ya ba ta faifan yaƙinsa, aka ba ta zaki abin hawa. Shi ya sa a Bengal a ke yi mata hannu goma, ɗan rawa ya kan goya sauran takwas ɗin a bayansa. Hannuwan nan ba nakasa su ke nufi ba, yawan iko ne, kamar yadda mu kan ce wane yana da dogon hannu, ba wanda zai je ya auna shi da igiya. A fili, Mahisha ya kan shigo yana taƙama yana buga ƙafa, ƙura na tashi. Zaki kuwa mutum biyu ne cikin riga ɗaya. A yi ta artabu har Durga ta taka shi ta soke shi da mashi.

Abin da ya kamata a duba shi ne fuskar Durga a daidai wannan lokaci. Ba ta canzawa, gama ta takarda ce, kuma maƙerin da gangan ya yi ta a natse, da murmushi. Jiki yana yaƙi, fuska kuwa kamar ta uwa mai duban jaririnta. Masu abin sun ce ma'anar ke nan: tana hukunci ba tare da ƙiyayya ba, nasara kuma tabbatacciya ce tun ba a fara ba. Wannan nasara ce su ke tunawa a babban bikin Durga na watan Satumba ko Oktoba, wanda na birnin Kalkata ya shiga jerin UNESCO a 2021.

Amma ba kowa ke tafi ba. A jihar Jarkand, maƙwabciyar Puruliya, akwai wata ƙaramar ƙabila, sunanta ma Asur, waɗanda su ke ɗaukar Mahisha kakansu ne, sarkin da aka kashe da yaudara. Kwanakin da sauran jama'a ke murna, a wurinsu kwanakin makoki ne. Wanda ya ci yaƙi shi ke ba da labari, shi ne kuma ke zaɓar wa abokin gabansa fuska.

Yanzu sai Kali, wadda ta ba mu kunya a aji. Harshen nan nata bayani biyu gare shi. Na farko, an yi wani asura, Raktabija, wanda duk ɗigon jininsa da ya taɓa ƙasa sai ya zama wani kamarsa. Ana saransa yana ƙaruwa. Sai Kali ta shimfiɗa harshenta ta lashe jinin tun bai kai ƙasa ba, da haka aka gama da shi. Na biyu shi ne wanda matan Bengal suka fi faɗi. Wai bayan yaƙin fushinta ya ƙi kwanciya, tana ta rawa duniya na girgiza. Mijinta Shiba ya kwanta a gabanta. Da ta duba ta ga ƙirjin mijinta ta taka, sai ta ciji harshe don kunya, kamar yadda matan ƙasar su kan yi in sun yi abin kunya. Ku duba nisan da ke tsakanin bayanin nan biyu, a kan harshe guda! Baƙinta kuma, sun ce, baƙin dare ne da na lokaci mai haɗiye kome, gama sunanta yana da dangantaka da kalmarsu ta lokaci. Masu bauta mata suna cewa muninta na maƙiyan 'ya'yanta ne, kamar kaza mai 'ya'ya in ta ga shirwa.

Inda a ke barin fuska a buɗe

Ba ko'ina a ke yin fuska irin ta Puruliya ba. A Saraikela, cikin Jarkand, inda 'ya'yan sarki da kansu su kan yi rawar a dā, fuskokin ƙanana ne, masu sanyin launi, ba tarkace, har a kan yi fuskar dare da ta ɗawisu. A Mayurbanj ta jihar Odisha kuwa ana rawar Cau ba fuskar aro sam.

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne na Ramnagar, ƙetaren kogin Ganga daga birnin Banaras. Tun wajen 1830 a ke yin wasan tarihin Rama a can kowace shekara, wajen dare 31 a jere, bisa ga littafin da Tulsidas ya fara rubutawa a 1574. Garin duka shi ne dandalin, yau a wannan unguwa, gobe a waccan, jama'a na bi a ƙafa. A wannan wasa Rama da matarsa Sita da 'yan'uwansa ba su sa fuskar aro. Yara maza ne ƙanana daga gidajen Barahman, a kan yi musu kwalliya a ɗora musu kambi. Da zarar kambi ya hau kai, jama'a ba su ƙara ɗaukarsu yara ba, har a kafaɗa a ke ɗaukarsu domin kada ƙafarsu ta taɓa ƙasa. Masu sa fuskar aro su ne birai da ƙattai. Hanuman, birin da ya bauta wa Rama da aminci, fuskarsa ja ce. Wai ya ga Sita tana shafa jan garin nan da matan aure ke sawa a tsagar gashin kansu, ya tambaya, ta ce domin tsawon ran mijinta ne, shi kuwa ya je ya shafe jikinsa duka. Rawana, sarkin Lanka wanda ya sace Sita, kai goma gare shi a jere. Waɗansu sun ce kawunan nan littattafai goma ne na ilimi da ya haddace, gama babban masani ne. Waɗansu kuma sun ce miyagun halaye goma ne, irin su fushi da girman kai da hassada. Mu dai a ganinmu bayanin biyu ba su yi faɗa da juna ba. Duk wanda ya daɗe a aikin makaranta ya ga mai kai goma wanda bai iya riƙe zuciya ɗaya ba.

To, tambayar da babba zai yi ita ce, su masu abin, suna ɗaukar fuskar nan allah ce, ko kuwa kayan wasa? Amsar ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A Carida kayan sana'a ce, ana ciniki a kanta, in ta tsufa a sake wata. Amma a ƙauyen Melatur, kusa da Tanjabur a jihar Tamil Nadu, akwai fuskar Narasimha da a ke ajiyewa a haikali ana yi mata sujada, sau ɗaya a shekara a ke fito da ita. Labarinsa ya yi kama da na Mahisha. Wani sarki ya roƙi kada mutum ko dabba ya kashe shi, ba da rana ba, ba da dare ba, ba a ɗaka ba, ba a waje ba, ba a ƙasa ba, ba a sama ba, ba kuma da makami ba. Ya zaci ya toshe kowace kafa, ya ce shi za a bauta wa. Ɗansa Prahlada ya ƙi, ya ce Bishnu zai bi. Sai Bishnu ya fito daga cikin ginshiƙi da kan zaki da jikin mutum, da almuru, a dokin ƙofa, ya ɗora sarkin a cinya ya farke shi da farce. Fuskar zaki a kan wuyan mutum ita ce amsar wayon sarkin. Mutumin da zai sa ta a Melatur ya kan yi azumi tukuna, in kuwa ya sa, sai ya fita hayyacinsa, abin da a nan za mu kira hawan iska, har sai ƙarfafa sun rirriƙe shi domin kada ya ji wa mai wasan sarki ciwo da gaske.

A garin Baktapur na ƙasar Nepal abin ya wuce haka. Akwai fuskoki 13 na ƙungiyar rawar Nawa Durga, watau Durga tara. Kowace shekara a ke ƙera sababbi, a yi musu tsafin sa rai a lokacin bikin Dasain, wajen Oktoba. Daga nan 'yan rawa su yi wata da watanni suna zaga unguwanni da ƙauyuka da su, mutane na kawo hadaya, gama sun gaskata su ke tsare garin. Wajen watan Yuni, gab da damina, sai a ce fuskokin sun mutu. A kai su maƙona a bakin rafi a ƙone su kamar gawar mutum. Tokar kuwa ba a zubarwa. A kan adana ta, a cuɗa da yumɓun da za a ƙera na shekara mai zuwa. Duk koyarwar Hindu ta mutuwa da sake haihuwa tana cikin wannan 'yar toka.

Wuri ɗaya ya rage mu ambata, tsibirin Majuli a tsakiyar kogin Barahmaputra, jihar Assam. A can da tsagin gora a ke saƙa ƙashin fuskar, a rufe da ƙyalle da yumɓu da kashin shanu. Wani malamin addini ne, Sankardeb, wanda ya rayu a ƙarni na 15 da na 16, ya kafa wasannin domin talakan da bai iya karatu ba ya ga labarin Kirishna da idonsa. Wani maƙeri na can, Hem Chandra Goswami, ya ƙago fuska mai motsa muƙamuƙi in ɗan wasa yana magana, gwamnatin Indiya kuwa ta ba shi lambar girma ta Padma Shri a 2023. Sai dai kogin yana cin gaɓar tsibirin kowace damina, ƙauyuka da dama sun riga sun tashi.

Carida ma ta sami nata rabo. Gambhir Singh Mura, shahararren ɗan rawan ƙauyen, ya karɓi irin wannan lamba tun 1981, a 2018 kuma aka yi wa fuskar Cau ta Puruliya rajista domin kada wani wuri ya ƙera ya sayar da sunanta. Amma rawa ta 'yan watanni ce, ciki kuwa na kullum ne. Saboda haka maƙera suka shiga yin ƙananan fuskoki na rataya a bango domin baƙi masu yawon buɗe ido, kayan roba kuma suka maye gurbin da yawa daga cikin kayan adon dā. A 2020, da annobar korona ta hana taro da tafiya, rawa ta tsaya, baƙi suka ɗauke ƙafa, fuskoki suka yi ta shan ƙura a rumfuna. Ba mu ga laifin mai neman abincin 'ya'yansa ba. Sai dai baƙon da ke sayen Kali domin ta dace da launin labulensa ba zai tambayi dalilin harshen ba, maƙerin da ba a tambayarsa kuwa, wata rana jikansa ba zai san amsar ba.

Ita dai takardar nan tana nan mun manna ta a bangon aji, mun rubuta sunan kowannensu a ƙarƙashi da jan alli. Mai ita ya ce mu ba shi abarsa in za a tafi hutu.

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.